Ba dole sai ka zama likita ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai mutum ya karanci likitanci kafin ya yi bincike kan girman yara da abincinsu. A'a. Dubi Reynaldo Martorell, haifaffen Honduras. Ilimin halittar ɗan Adam ya karanta, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Washington a 1973, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Emory ta Amurka.

Abin da ya fito da sunansa shi ne binciken INCAP, cibiyar nazarin abinci mai gina jiki ta Amurka ta Tsakiya da Panama, a ƙauyuka huɗu na ƙasar Guatemala, daga 1969 zuwa 1977. Ƙauyuka biyu an ba su atole, wani kunu mai madara da sinadarin gina jiki, sauran biyun kuma ruwan zaƙi. Ba a tsaya nan ba, aka bi yaran har suka manyanta. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna mazan da suka sha kunun kafin shekara biyu sun fi samun kuɗin aiki da kashi 46 cikin 100.

Amma fa ka rungumi lissafin ƙididdiga tun yanzu, don nan ne ɗalibai da yawa ke cijewa.