Farar Riga, Zobe da Goron Baiko

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sau biyu na karanta shi. A karo na farko dariya na yi, a na biyu kuwa sai na yi shiru. Kin tambaya ko farar rigar amarya da zobe da kek ɗin da kike so a yanka a dinarki tsofaffin al'adu ne da Turawa suka gada tun kaka da kakanni, domin ki samu hujjar da za ki kai gaban mahaifiyarki. Wato kawunki, tsohon malamin tarihi, shi kika ɗauka lauya ba ko sisi.

Zobe dai ya kwana biyu. Fafaroma Nikolas na ɗaya ya ambaci zoben baiko a wasiƙar da ya aika wa mutanen Bulgeriya a 866, kuma a 1477, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, Yarima Maksimiliyan na Ostiriya ya ba Maryamu ta Bagandi zoben lu'ulu'u. Farar riga kuwa yarinya ce. Amaren can a da tufar da ta fi kyau a akwati suke sawa, ja ko shuɗiya, sai da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure cikin fara a 1840 aka shiga kwaikwayonta.

Abin da ya fi kama hankalina a tarihinsu ba ki tambaya ba. A 1215 babban taron malaman coci a Rum, ƙarƙashin Fafaroma Inosent na uku, ya wajabta a yi shelar aure a bainar jama'a kafin a ɗaura, domin duk wanda ya san wani cikas, kamar kusancin jini, ya fito ya faɗa. Auren ɓoye ne ya ishe su.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka sa ranar yayata, 'yar baffana, wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana goye. Ni aka ɗora wa ƙwaryar goron baiko, aka ce kada in tsallake gida ko ɗaya. Rana ta yi zafi, na so in bar gidan wata tsohuwa makauniya da ke bakin ganuwa, amma tsoron kakarmu ya sa na shiga. Ta karɓi goron, ta tambayi 'yar wa da ɗan wa, ta sa na maimaita, sannan ta ce in miƙo mata sandarta. Ni na ja ta har zauren baffa. A gaban dattawa ta ce shekarar da aka yi ƙyanda uwar saurayin ta kwanta kusan wata guda, kuma marigayiya uwar amarya ce ta shayar da shi. Zaure ya yi tsit. Aka aika aka kira wata tsohuwar ungozoma, ita ma ta tabbatar, liman ya ce wa da ƙanwa ne, babu aure. Washegari aka mayar da lefe, yayata ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba, ni kuwa na daɗe ina ganin laifina ne. Kakarmu ce ta zaunar da ni ta ce goron da bai zaga gari ba bai gama aikinsa ba.

Yanzu kuna tura katin gayyata ta WhatsApp, ya isa ƙawayen makaranta cikin minti guda, ya bar tsofaffin da suka san wa ya sha nonon wa. Ita kakar tamu, da ta ga rigar da kika turo hotonta, na san zanen aro ba ya rufe katara za ta ce, ko da yake ni ban ga haramci a farin yadi ba matuƙar ya rufe jiki.

Batun kek mu bar shi sai na zo ranar Juma'a. Kafin nan ki tambayi mahaifinki ko an kai wa gwaggonninki na ƙauye goro, hannu da hannu.