Shin Nima Yushij ya yar da karin waƙa?

Tambaya: Malam, ina rubuta waƙa, amma ɗangayena wani dogo wani gajere. Malaminmu ya ce wannan ba waƙa ba ce. Na kuwa ji an ce wani mawaƙin Iran, Nima Yushij, ya watsar da kari da amsa-amo, kuma aka ɗaukaka shi. Haka ne?
Daga wata ɗaliba, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: 'Yata, rabin labarin aka ba ki. Sunansa na yanka Ali Isfandiyari, haifaffen Yush, wani ƙauye cikin duwatsun Mazandaran a arewacin Iran. Wurin malamin ƙauye ya fara karatu, sannan aka kai shi Teheran, lakwal ta Faransawa mai suna Saint Louis. Can ya iya Faransanci, can kuma malaminsa Nizam Wafa ya ɗora shi kan waƙa. A 1922 ya fitar da doguwar waƙarsa Afsana, masu riƙo da tsohon salo suka yi masa ca.

To, ga inda nake so ki tsaya. Waƙar Farisa, kamar rubutacciyar waƙarmu, a kan aruli take, wato awon waƙa da aka samo daga Larabci: ɗango daidai da ɗan'uwansa, amsa-amo a inda aka saba. Nima bai yar da awon ba. Ƙafar karin, wato rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa cikin ɗango, tana nan daram, yawanta ne ya saki: ɗango ya yi tsawo in magana ta yi tsawo, ya tsaya inda numfashi ya tsaya. Amsa-amo kuwa sai inda ma'ana ta kira shi.

Ina yaro nakan zauna gindin turmi in iyayenmu mata na lugude. Taɓarya ba ta saɓa bugu, amma mai waƙa wani lokaci ta ja baki, wani lokaci ta jefa kalma biyu ta yi shiru. Duk sanda na karanta Nima, wannan tsakar gida nake tunawa. Abin da ya ƙara sa ni ƙaunarsa shi ne bai ji kunyar ƙauyensu ba: tsuntsaye, itatuwa da kalmomin Tabari, harshen yankinsu, duk ya shigar da su waƙa. Mawaƙan Iran Ahmad Shamlu da Furug Farrukzad ta ƙofar da ya buɗe suka bi. Nima ya rasu a 1960, a 1993 aka mayar da gawarsa Yush.

Ki karanta waƙarki da ƙarfi kina buga tebur da yatsa. In bugun ya ɗore har ƙarshe, kai wa malaminku ya saurara da kunnensa. In ya watse, koma kan aruli tukuna, ki kuma aiko mini da baiti biyu in gani.