Ku Tambayi Anti: Tafiya Dutsen Kamaru ba tare da yara ba

"Anti, tunda muka yi aure ni da maigida ba mu taɓa fita mu kaɗai ba. Yanzu ya ce mu je Dutsen Kamaru, mu hau da ƙafa, mu zaga gindinsa da keke. Yaranmu uku za su zauna wurin Hajiyarsa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na yi laifi?" Uwar yara uku, Kaduna.

Ba ki yi laifi ba, ƙanwata, kwantar da hankalinki. Mu nawa ne muka tashi a ɗakin kaka? In dai kin yaye auta, ki tafi abinki. Sai dai kada ki jibge wa Hajiya yara hannu rabbana: ki bar kuɗin cefane, katin asibitin kowane yaro, da wata 'yar'uwa da za ta kama mata. Ni ba yaran ne ke damuna ba, wurin da za ku ne. Garin Buea, inda ake fara hawa, yana yankin Kudu maso Yammacin Kamaru, wanda ke fama da rikicin 'yan a-ware tun 2017, kuma Litinin ranar zaman gida ce ta dole a wurare da yawa. Ku nemi labari daga bakin mazauna can kafin ku biya ko sisi. In suka ce a dakata, ku dakata. In kuwa an ce hanya lafiya, ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen yana samun ruwan sama kusan mita 10 a shekara, damina can ba ta wasa ba ce. Kada ku manta katin rigakafin shawara, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora.

"Ina da keke Fonis mai ƙarfi, zai hau dutsen?" Wani malami, Yola.

Malam, haba. Tsayin dutsen mita 4,040 ne, ƙafa ma da kyar take kai mutum. Keke na hanyoyin gindin dutsen ne, irin ta garin Limbe zuwa Idenau ta cikin gonakin kwakwar manja. Can ma ana son mai giya da birki mai kamawa a gangara. Ka bar Fonis ya ci gaba da kai ka makaranta.

"Na ga hular kwano ta keke a intanet da suna babba, kuɗinta bai kai rabin na shago ba. In saya mana biyu?" Magidanci, Kano.

To, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kada ka saya. Mutum zai kashe kuɗin mota, na masauki, na canjin sefa, ya sayi sabuwar waya don ɗaukar hoto, amma da an zo kan abin da zai tare masa kai sai ya fara neman araha. Hular gaske aikinta ɗaya ne: farin abin nan mai tauri da ke cikinta ya murƙushe lokacin faɗuwa, ya shanye bugun a maimakon ƙoƙon kanka. Ta jabu roba ce da fenti, wani lokaci da ɗan soso mai laushi. A ido duk ɗaya suke, sai ranar da ka faɗi a kan baƙin dutse mai kaifi, irin wanda wuta ta amayar ya daskare.

Ka duba ciki ka ga ko akwai lambar shaidar inganci, EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka. Amma masu jabu ma sun iya buga takarda, don haka ka riƙe hular a hannunka. Ka matsa gefe da gefe, in ta lanƙwashe kamar kwanon roba ka ajiye. Ka fizgi igiyar da ƙarfi, ka gwada maɓallin. Kuma ban yarda da ta gwanjo ba ko da ta gaske ce, domin hular da ta taɓa shan bugu ta gama aiki, tsagewar kuwa ba lallai ta fito fili ba. Haka zancen yake ga birki da sarƙa masu tambarin Shimano da ake sayarwa a farashin banza. Kamfani bai haukace ba da zai karyar maka da kayansa haka. Mai shago ya ce maka "orijina ne wallahi"? Ka ce ya rubuta a rasit, ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Takalmi da jakar goyo kam ka saya a gwanjo, in ɗinkin da zif suna da kyau. Ka ƙara da rigar sanyi mai kauri, don a ƙololuwa sanyin ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba.

"Dutsen ba zai yi aman wuta muna kai ba?" Amarya, Zariya.

Yana da rai, 'yata. Ya yi a 1999, har narkakken dutse ya datse hanya kusa da ƙauyen Bakingili, ya sake yi a 2000. Amma duk Fabrairu ana tseren gudu a kansa, mutane su hau su sauko. Ki bi maganar ɗan jagora. Ni na fi jiye miki sabon takalmin da ba ki taɓa sawa ba: ki fara yawo da shi a unguwa tun wata guda kafin tafiya.