Dabarun 'yan takara a muhawarar fidda gwani ta Amurka

Salam ɗan uwa. Ka tambaya wai waɗanne dabaru masu neman tikitin shugaban ƙasa a Amurka ke amfani da su wajen jan hankalin jama'a a muhawarar fidda gwani, kuma shin tana canza ƙuri'a ko surutu ne kawai. To ni dai tun 2008 nake bin abin nan, zamanin Obama da Hillary, sau da yawa har barci nake hana idona saboda shi, bari in gaya maka abin da na gani.

Ka fara gane cewa rigimar cikin gida ce. Duk 'yan jam'iyya ɗaya ne, manufofinsu kusan ɗaya, ga mutum goma a jere kan dandali kowa ana ba shi kamar minti ɗaya ya amsa tambaya, to a minti ɗaya wace hujja za ka kafa? Abin da kowa ke farauta kawai shi ne 'yar magana ɗaya da za a yanko a yi ta yaɗawa washegari. Kuma akwai wata ƙa'ida da ake yawan sawa, in an kama sunanka za a ba ka daƙiƙa 30 ka rama, shi ya sa ƙananan 'yan takara ke tsokanar na gaba da gangan don kyamara ta tsaya a kansu, shi kuwa na gaban sai ya yi ta kauce wa kiran sunan kowa don kar ya ba shi lokaci a banza.

Babbar dabara ita ce ka ɗauki labarin rayuwarka ka mayar da shi makami. A Yunin 2019 a Miami, Sanata Kamala Harris ta juya ta kalli Joe Biden, tsohon mataimakin Obama, ta tuna masa yadda ya yi adawa da tsarin kwasar yara a bas zuwa makarantun wasu unguwanni don a cakuɗa baƙaƙe da farare, ta ba da labarin wata 'yar yarinya a Kalifoniya da ake sawa a wannan bas ɗin kullum, sannan ta ce yarinyar nan ni ce. Biden ya daburce, har da kansa ya ce lokacinsa ya ƙare. Kafin ka ce kwabo kamfen ɗinta ya fito da hotonta tana ƙarama har da riguna na sayarwa, ka ga an daɗe da shirya abin kenan. Wallahi a daren nan na ce matar nan ta gama cin tikiti. Ina! Disamba ta janye tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, Biden ɗin da ta sara shi ya ci, ya dawo ya ɗauke ta mataimakiya.

Amma wadda ba na mantawa ita ce ta Fabrairun 2016 a New Hampshire. Sanata Marco Rubio na jam'iyyar Republican ya zo da haddarsa, wata jimla ce ta suka kan cewa Obama ya san sarai abin da yake yi. Abokin takararsa Chris Christie, tsohon mai gabatar da ƙara ne dama, ya ce wa jama'a ku lura, mutumin nan jawabin daƙiƙa 25 ya haddace. Maimakon Rubio ya canza salo sai ya sake karanto jimlar nan kamar an danna rediyo, Christie ya nuna shi ya ce kun ji ko, ga ta nan. Rubio ya faɗo na biyar a jihar. To Christie fa? Na shida ya zo, ya tattara ya bar takara, Trump ya kwashe jihar. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Haka Elizabeth Warren ta yi wa Michael Bloomberg kaca-kaca a Las Vegas a 2020 kan matan da kamfaninsa ya sa suka sa hannu a yarjejeniyar yin shiru, attajirin da ya zuba kusan dala biliyan ɗaya ya ƙare da cin American Samoa kaɗai, wani ƙaramin yankin tsibirai na Amurka, amma ita ma ko jiharta Massachusetts ba ta ci ba.

Akwai kuma faɗa da mai tambaya. A 2012 a South Carolina, John King na CNN ya buɗe muhawara da tambayar ɗan takara Newt Gingrich kan zargin da tsohuwar matarsa ta yi masa, Gingrich ya bar zargin ya hau 'yan jarida da faɗa, zauren ya miƙe da tafi, bayan kwana biyu ya cinye jihar. Trump kuma laƙabi ne makaminsa, ya kira Jeb Bush mara kuzari, daga nan in Jeb ya yi sanyi a ce ai an faɗa, in ya ɗaga murya a ce ƙoƙari yake ya wanke kansa.

Batun canza ƙuri'a kuwa, ni a ganina muhawara ta fi iya kayar da mutum fiye da ɗaga shi. Rick Perry a 2011 ya ce zai rushe ma'aikatu uku, ya kirga ta kasuwanci da ta ilimi, ta ukun ta ɓace masa ƙurmus yana ta lalube a gaban duniya, takararsa ba ta sake miƙewa ba. Ma'aikatar makamashi ce ya manta, abin dariya ita Trump ya ba shi ya riƙe a 2017. Trump ɗin ma da ya ga yana gaba nesa a 2023 ƙin zuwa ya yi gaba ɗaya, su DeSantis da Nikki Haley da Ramaswamy suna ta yagar juna a Milwaukee, shi kuwa a daidai lokacin ana nuna hirarsa da ɗan jarida Tucker Carlson, kuma shi ya ɗauki tikitin.