Hukuncin yin gini a filin da hukuma ta ce hanyar ruwa ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Na sayi fili da halaliyata, takarduna a cike. Yanzu hukuma ta hana gini a wurin, wai hanyar ruwa ce kuma ambaliya na ƙaruwa saboda sauyin yanayi. Ya halatta in cike shi da ƙasa in yi ginina? In ba hali, zan iya sayar da shi in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, filin naka ne, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da yardarsa. Amma mallaka a Shari'a tana da iyaka, iyakarta ita ce cutar da wani. Annabi (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa."

Ruwa ba ya ɓacewa don an tare masa hanya. In ka ɗaga filinka ka zagaye shi da katanga, ruwan da ya saba bi ta nan zai karkata ya faɗa gidan maƙwabcinka da ke gangare, ya jiƙa tushen gininsa, wataƙila ya kayar masa da bango cikin dare iyalinsa na barci. Masana sun tabbatar cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1 a ma'aunin Salsiyos, tururin ruwan da take ɗauka yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan sama ke sauka da ƙarfi lokaci guda. Don haka cewa "da can ruwa ba ya zuwa nan" ba hujja ba ce.

Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Dahhak ɗan Khalifa ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya lallashi Muhammad, da ya kafe sai Umar ya rantse masa cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikinsa ne. Malamai sun yi saɓani kan ko kowane alƙali zai tilasta irin wannan, to amma can amfanin mutum ɗaya ake nema, nan kuwa rayukan jama'a ake karewa. Saboda haka idan hanin ya ginu ne kan binciken ƙwararru, bin sa wajibi ne, kuma bai wa jami'i cin hanci don ya sa hannu haramun ne.

Hukuma ma akwai haƙƙi a kanta, kuma nan ne aka fi yin zalunci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta sharɗanta cewa karɓe dukiyar mutum sai don maslahar jama'a, tare da diyya ta adalci nan take wadda ba ta gaza farashin kasuwa ba. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne, hanin da ya kashe amfanin fili gaba ɗaya hukuncinsa ɗaya da karɓewa, musamman in hukumar ce ta ba ka takardar tun farko. Ka nemi diyya ko musanya ta hanyar doka, har gaban kotu. In kuma an kore ka ne don a bai wa wani mai ƙarfi ya gina, wannan ƙwace ne.

Sayarwa ta halatta idan ka bayyana wa mai saye hanin da ke kan filin da haɗarin ambaliyar. Ɓoye masa algus ne, kuma yana da damar mayar maka ya karɓi kuɗinsa.

Allah ne Mafi sani.