Amsar tambayar Alhaji kan yin akwati a ƙarƙashin tirela

Wannan murya ce da mai waldar zaurenmu ya turo daga Katsina, an rubuta ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar wannan zaure barkanmu da dare, da fatan an yini lafiya. Alhaji, ranka ya daɗe, na ji muryarka tun da la'asar, aiki ne ya riƙe ni a gareji sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su ji ba, Alhaji yana da 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu, irin wadda ake ja da mota, da wurin kwanciya a ciki. Da ita yake tafiya gona can wajen Zango da Ɓaure lokacin girbi. Ya ce katifa ta cinye wuri, kayan aiki sun rasa inda za su zauna, shi ne yake tambaya ko za a iya yanka daɓen a yi akwati a ƙasa, kuma wane girma za a yi.

To Alhaji, za a iya, kuma aiki ne mai kyau in an yi shi da hankali. Amma maganar girma a ajiye ta tukuna. Abin da za mu fara yankewa shi ne a ina akwatin zai zauna, don wurin ne zai faɗa mana girman, ba mu za mu faɗa masa ba.

Gobe in Allah ya kai mu, ka sa yaro ya shimfiɗa tabarma ya shiga ƙarƙashinta da fitila da tef na awo. A sa dutse a gaban tayoyi da bayansu kafin ya shiga. Zai ga dogayen ƙarafa biyu sun taso daga gaba har baya, shi ne shasi. Zai ga wasu gajeru sun gitta tsakaninsu. Waɗannan masu gittawa, Alhaji, don Allah kada kowa ya taɓa su. Za ka samu mai walda ya ce maka bari a cire ɗaya akwati ya yi faɗi, daga baya a mayar. Kada ka yarda. Su ne suke hana tirelar murɗewa in taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya tana kan tudu. In aka yanke ɗaya ba ranar za ka gani ba, sai ka ga ƙofa ta fara ƙin rufuwa, bango ya fara tsagewa ta kusurwa, ruwan damina ya samu hanya. Akwati tsakanin ƙarafan nan zai shiga, iya ramin da suka bari, shi ke nan.

Sannan akwai nauyi, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau, har da sauran masu tirela a zauren nan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san amalanke. In ka tara buhuna a baya, gaba sai ya ɗaga, karkiya ta riƙa shaƙe shanu. Tirela mai aksil ɗaya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, haka take. Dole gabanta ya fi bayanta nauyi, ya danne ƙugiyar da ke bayan mota. A Amurka ƙa'idar da suke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar. A Turai suna yin ƙasa da haka kaɗan, amma babu wanda ya yarda gaba ya zama babu nauyi. Wato in tirelarka da kayanta kilo 600 ce, kilo 60 ko kusa da haka ya kamata ya zauna a gaba, muddin bai wuce abin da aka rubuta wa ƙugiyar motarka ba. In ka rataya akwati can baya, ka cika shi da jak da sifana da sarƙa, gaban ya yi sauƙi, to a cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau titin Katsina zuwa Daura, ka wuce Mashi, ka ɗan taka mota, babbar mota ta wuce ka da iskarta, sai tirela ta fara wutsiya, dama, hagu, dama, hagu, kowane juyi ya fi na baya, har ta fara jan bayan motar. Wannan abin yana kifar da mota, kuma da iyali ake tafiya. Shi ya sa nake cewa akwatin ya zauna gaban aksil kaɗan, kusa da shi sosai, a tsakiya.

Auna nauyin gaban ba shi da wuya. Sikelin nan da ake hawa a gida ya isa. Ka ajiye tirela a wuri mai daidai, ka sa sikeli a ƙasa, ka tsayar da guntun katako a kansa, bakin tirelar ya zauna a kan katakon daidai tsayin da yake zama a jikin mota. Ka rubuta lambar. Bayan an gama aiki an zuba kaya, ka sake aunawa.

Sai maganar zurfi. Kowa yana son akwati mai zurfi, ni ma na sani. Amma duk incin da ka ƙara a ƙasa, daga tazarar da ke tsakaninka da hanya ka cire shi. Hanyoyin gonakinmu kuma kun san su: yashi mai zurfi, sawun amalanke da na tarakta sun yi rami biyu, tsakiya ta yi doro, ga kututturen da aka sare aka bari. Ƙa'idata ita ce gindin akwati kada ya sauko ƙasa da aksil. Kuma a yi awon nan tirela tana ɗauke da kayanta, ba tana wofi ba, don sifirin yana kwanciya in ya ji nauyi. Ga wata dabara ta igiya. Ka ɗaura zare a inda taya ta taɓa ƙasa, ka ja shi zuwa ƙarshen shasi ta baya, ka miƙe shi sosai. Ka sake yin haka zuwa gaba, wajen ƙugiya. Duk abin da ya leƙo ƙasa da zaren nan, to shi ne zai fara dukan ƙasa ranar da za ka gangara ƙorama ko ka hau bakin kwalbati. Za ka lura kusa da taya wuri ya fi yawa, can nesa zaren yana matsowa sama. Ka ga ke nan dalili na biyu da ya sa kusa da aksil ya fi.

Amma kusa ba manne ba. Aksil yana hawa yana sauka. A bar masa inci 3 zuwa 4 ta kowane gefe, kuma kada a yi komai a samansa.

Daga hotunan da ka turo, ina ganin za mu samu kamar ƙafa 3 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, zurfi inci 8. Kada ka raina shi. Wannan ya haura lita 100, cikin jarka huɗu ke nan masu lita 25. Jak, sifana, igiya, turaku, gatari, gajeren shebur, tamfol a naɗe, duk za su shige.

Wani abu da ban gani sosai a hoton ba: ko 'yar Beljiyam ce ko a nan gida aka ƙera ta. Yana da muhimmanci. Na Turai masu birki suna da wata siririyar sanda da ta taso daga ƙugiya ta bi tsakiya har aksil, ita ke jan birki in mota ta tsaya. In akwai ta, akwati ɗaya babba ba zai yiwu ba, sai dai ƙanana biyu, dama da hagu, sandar ta wuce tsakaninsu ba abin da ya taɓa ta. Kuma shasinsu siririn ƙarfe ne mai rufin galbanaiz, farin rufin nan mai hana tsatsa. Kamfanin AL-KO da ke ƙera da yawa daga cikinsu ya hana a yi walda ko huji a jikinsa, sai dai a kama da maƙalai a ɗaure. Daɓensu ma ba katako ɗaya ba ne, falle biyu ne da soso a tsakiya, kuma yana cikin abin da ke riƙe jikin. Irin wannan in za a yanka, ƙaramar ƙofa za a yi, a zagaye bakin da katako mai ƙarfi. In kuwa ta gida ce mai kaurin ƙarfe, aikin ya fi sauƙi. Ko a wacce, a kauce wa wayar fitilun baya kafin a kunna injin yanka.

Jikin akwatin, fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ya isa, da firam na angil inci ɗaya da rabi. Fallen nan kowace murabba'in mita tana kusan kilo 12, don haka akwatin da muka faɗa da firam ɗinsa zai kai kilo 20 da ɗoriya tun ba a sa masa komai ba. A lissafa shi cikin kaya. Ka duba jikin tayarka, akwai lambar iya nauyin da za ta ɗauka, ka duba farantin da ke gaban shasi, wanda aka rubuta iya nauyin tirelar a kansa, in yana nan. Alminiyam ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai tsada da kuma neman mai iya waldarsa. Ni na fi son a haɗa akwatin a ƙasa, a gama shi, a yi masa jan fenti na hana tsatsa, a shafe bayansa da kwalta, sannan a ɗaga a ɗaure da noti, irin mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Ranar da ya bugu da dutse sai a kwance a gyara, ba sai an kai wuta kusa da katakon daɓe ba. 'Yan'uwana masu walda da ke zauren nan, in galbanaiz za ku ƙona, a fili za ku yi, farin hayaƙin nan yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Murfi kuma katakon filawud mai kaurin milimita 18, ya zauna daidai da daɓe yadda ƙafa ba za ta yi tuntuɓe ba, da ɗan zoben ɗagawa wanda yake kwanciya. Bakin da aka yanka a sha shi da fenti sosai, don ta nan katako yake shan ruwa, ta nan gara take shiga. A zagaye bakin da robar ƙofar mota, ana samunta wajen masu kayan gwangwan. Kada a raina robar nan. Tayar mota tana watso ƙura daidai ƙarƙashin tirela, in hunturu ya shigo kuma abin ya ninka. In babu roba, za ka isa gona ka tarar jar ƙasa ta hau har kan katifa. A yi ɗan huji a kusurwar da ta fi gangara, a toshe da marfin roba, saboda ranar da ruwa ya shiga a samu ta inda zai fita. A toshe shi fa, kada a bar shi buɗe, kunama tana son irin wurin nan. Ciki a shimfiɗa tsohon tif na taya don ƙarfe ya daina dukan ƙarfe.

Yanzu Alhaji, ka ambaci tukunyar gas a muryarka, ka ce ita ta fi damunka da cin wuri. Ina roƙonka da girman Allah kada ta shiga akwatin nan. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ya taru a rami. Akwatin da muka rufe da roba rami ne, kuma a kansa kake barci. Ashana ɗaya ko tartsatsin waya ya isa. Tukunyar gas a tsaye take zama, a waje, a kan ƙarafan gaba, a ɗaure, iska tana ratsa ta. Jarkar fetur da janareta su ma haka, tururin fetur shi ma ƙasa yake bi. Batir irin na mota kuma in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, ita sama take tashi, wato cikin ɗakin kwananka. In dole sai an sa batir a ƙasa, nasa gida daban za a yi masa, da bututun da zai fitar da iskar waje. Magani da abinci su ma ba wurinsu ba ne, zafin kwalta a watan Afrilu yana dafa ƙarfen nan.

Ruwa kuwa ana iya yi masa tanki a wurin, amma a tuna kowace lita kilo ɗaya ce, lita 50 buhun siminti ne cif. Kuma tankin da yake rabi ruwansa yana kai-kawo in an sha kwana, ya fi cikakke wahalar da tirela.

Abu na ƙarshe da ba na ƙarfe ba ne. Hanyar da kake bi kusa da iyaka take, wajen Kongolam da Mai'aduwa akwai shingayen kwastam da sauran jami'an tsaro. Ma'aji a ƙarƙashin daɓe abu ne da idonsu yake nema, kuma aikinsu ne. Don haka kada a yi murfin a ɓoye, kada a lulluɓe shi da leda a manne. Zoben ya fito fili, ya buɗu cikin sauƙi ba sai an nemo sifana ba. In an tsayar da kai, kai da kanka ka ɗaga ka nuna musu tun kafin su tambaya.

To, abin da nake buƙata daga wajenka gobe: tazarar da ke tsakanin dogayen ƙarafan biyu, tazarar mai gittawa zuwa mai gittawa a gaban aksil, tsayin aksil daga ƙasa tirela tana ɗauke da kaya, da hoto ɗaya daga ƙarƙashi ana kallon gaba, in ga ko akwai sandar birki. In na gani zan faɗa maka fallen ƙarfe nawa da angil nawa za a saya. A gaishe da Hajiya da yara. Sai da safenku jama'a, wassalamu alaikum.