Fitilar gargaɗin inji ta kama, ga gwajin hayaƙi ya matso

Ka ce tsohuwar motarka ta nuna lambar P0420, wadda ke nufin katalis (abin da ke tace gubar hayaƙi a cikin salansa) ba ya aiki yadda ya kamata, kana tsoron faɗuwa gwajin hayaƙi. Kada ka yi saurin sayen sabon katalis tukuna.

Fara duba salansa, domin ɗan tsagi kusa da sensar iskar oksijin yana kawo wannan lambar. Sannan a jona na'ura mai karanta kwamfutar mota a duba sensar oksijin da ke bayan katalis, bayan injin ya yi zafi. Idan tana tsalle tsakanin 0.1 da 0.9 volt kamar sensar da ke gaban katalis, katalis ɗin ya gaji. Mataccen fulogi ko injin mai shan baƙin mai ne ke kashe shi, a gyara su tukuna.

Goge lambar ko cire batir ba dabara ba ce, na'urar gwajin za ta nuna motar ba ta shirya ba. Walda da canjin katalis kuwa, bar wa ƙwararren bakanike.